Raunin Bugu ko Suɗewa: Wace Dalar Azurfa Ta Cancanci Kuɗinka?

Daloli biyu na azurfa ne a gabana kan tebur, kowace a liƙe cikin kwanson roba na kamfanin tantancewa, kuma maki ɗaya aka ba su: MS-64, wato 64 a ma'aunin da ya tsaya a 70, MS ɗin kuma na nufin kuɗin da bai suɗe ba. Ɗaya an buga ta a San Faransisko a 1881, ɗayar a New Orleans a 1902. Idan ka kara ta farkon kusa da fitila, gashin da ke saman kunnen matar da ke fuskar kuɗin sai ka ƙirga shi sili-sili, kamar kitson da aka gama yanzun nan. Ka juya bayanta, kowane gashi na ƙirjin mikiya a tsaye yake da kansa. Ta biyun kuwa saman kunnen a shafe yake, kamar an danna babban yatsa a kan ɗanyen yumɓu, ƙirjin mikiyar kuma sumul kamar ƙwai. Wani abokina da ya gan ta bai yi wata-wata ba ya ce, "Malam, wannan ai ta sha hannu, an cuce ka." Ba ta sha hannu ba. Ba a taɓa sayen ko burodi da ita ba. Haka ta faɗo daga inji.

Duk wanda ya shiga harkar tara tsofaffin kuɗin ƙarfe, ko don sha'awa ko don ajiya, ba zai daɗe ba zai tarar da kansa a wannan mararraba. Ga kuɗin da zanensa bai fito sosai ba amma bai taɓa shiga kasuwa ba. Ga wanda zanensa ya fito raɗau amma ya ɗan zaga aljihun mutane. Ga kuma wanda ya haɗa duka biyun, cikakken bugu da sabunta, sai dai farashinsa na iya sa ka haɗiye miyau. A hoton waya kusan kamarsu ɗaya, amma kama da wane ba ta wane. Zan jingina bayanin da dalar Morgan ta Amurka, domin a kanta aka fi yin wannan gardama, kuma da ita yawancin mutane ke fara saye.

Sunan ya samo asali ne daga George T. Morgan, Baturen Ingila da ya zana ta. An buga ta daga 1878 zuwa 1904, aka sake dawo da ita shekara ɗaya a 1921 (ban da sababbin da aka fara bugawa don masu tarawa a 2021, waɗanda ba su nake nufi ba). Nauyinta giram 26.73, kashi 90 cikin ɗari azurfa, sauran jan ƙarfe, faɗinta milimita 38.1. Gidajen buga kuɗi biyar ne suka yi ta. Na Filadelfiya ba ya sa harafi, New Orleans na sa O, San Faransisko S, Carson City CC, sai Denver mai D wanda 1921 kaɗai ya buga ta. Harafin yana bayan kuɗin ne, ƙarƙashin kambun ganyen da ya kewaye mikiya. Wanda ya taɓa duba sulallan zamanin Turawa na nan Afirka ta Yamma da kyau, irin su kwabo mai huji da anini, ya san ɗan ƙaramin H ko KN da ke jikin wasunsu, alamar kamfanonin Heaton da Kings Norton na Birmingham. To irin wannan aikin ne, kuma a dalar Morgan ɗan harafin nan shi ne rabin labarin.

Ba don jama'a na neman wannan dala aka yi ta bugawa ba. Dokar Bland-Allison ta 1878 ce ta ɗora wa Baitulmalin Amurka sayen azurfa ta dala miliyan 2 zuwa miliyan 4 duk wata, a mayar da ita kuɗi, don a faranta wa masu haƙar ma'adinai na yammacin ƙasar. Ana bugawa, ana zubawa dubu-dubu a buhunan zane, ana jibgewa a ɗakunan ajiya. Wannan ya haifar da abu biyu. Miliyoyi sun tsira ba tare da hannu ya taɓa su ba, ko bayan dokar Pittman ta 1918 ta sa an narkar da dalolin azurfa sama da miliyan 270. Sannan kuma wanda aka ce ya cika adadi, kuma ya san a buhu kayan zai kwana, ba kullum zai damu da ko gashin saman kunne ya fito ba.

Ga yadda bugun yake. Ana sanya faifan azurfa mara zane tsakanin hatimi biyu na ƙarfe mai tauri, da wani zobe a kewaye wanda ke fitar da zara-zaran gefe. Inji ya danna da nauyin da ya haura tan ɗari, bugu ɗaya. A wannan ƙiftawar ido azurfar takan kwarara kamar kwaɓi ta cika ramukan da ke jikin hatimi. Ramin da ya fi zurfi shi ne yake cika a ƙarshe. A zanen Morgan, wuri mafi zurfi a fuska shi ne gashin saman kunne, a baya kuma ƙirjin mikiya, kuma sun yi baya da baya a tsakiyar kuɗin. Mutum biyu ne da bargo ɗaya a daren hunturu. In ƙarfin bugu ya ɗan gaza, dukansu biyu za su kwana a buɗe.

Abin da ke sa ya gaza ba ɗaya ba ne. Mafi yawa, ma'aikata ne ke ɗan buɗa tazarar da ke tsakanin hatiman don kada su yi saurin tsagewa. A wancan zamani duk hatimi daga Filadelfiya ake kawo shi, saboda haka wanda ke New Orleans, gidan da aka sake buɗewa a 1879 bayan yaƙin basasa ya rufe shi, yana da dalilin lallaɓa abin da ke hannunsa. Wani lokaci kuma faifan ne ba a gasa shi ya yi laushi yadda ya kamata ba, sai ya ƙi kwarara. Akwai hatimin da ya tsufa, zanensa ya dushe, kuɗin ya fito da wani irin gautsi-gautsi a fili da haruffa masu jan jiki zuwa gefe. Akwai kuma maiƙon inji da ya toshe rami, wanda kan shafe harafi ɗaya ko tauraro ɗaya, sauran wurare lafiya lau. Duk waɗannan a cikin gidan bugu suka faru. Suɗewa kuwa bayan an fito ne.

Rarrabe su shi ne ainihin sana'ar, kuma ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Ka kashe sauran fitilu ka bar ƙwai ɗaya, ka nemi gilashin ƙara girma mai ninki 5 ko 7, irin na masu gyaran agogo. Ka riƙe kuɗin ta gefe, kada yatsa ya hau fuskarsa. Sai ka ɗan karkata shi kana juyawa a hankali. Kuɗin da bai shiga kasuwa ba, za ka ga haske yana zagaya shi kamar hannun agogo, saboda ƙananan layukan da kwararar azurfa ta bari lokacin bugu. Wannan shi ne sheƙin asali, kuma babu mai iya mayar da shi in ya tafi. Yanzu ka bi hasken da ido har ya iso wurin da ya shafe. In raunin bugu ne, wurin zai kasance da launi ɗaya da maƙwabtansa, yana da ɗan kaushi-kaushi na ɗanyen faifan da hatimi bai taɓa ba, wani lokaci ma za ka ga siraran layuka a miƙe waɗanda injin murza azurfa ya bari tun kafin a yanko faifan. In suɗewa ce, wurin zai yi toka-toka, ya yi santsi, haske ya zo ya yanke a kansa kamar an kashe shi, a ciki kuma ga ƙananan ƙwarzane sun nufi ko'ina.

Kada ka tsaya a wuri ɗaya. Raunin bugu a tsakiya yake zama, kuma yakan bayyana a fuska da baya daidai wa daida. Hannu da aljihu kuwa ba su da zaɓi. Duk inda ya yi tudu sai sun shafa: kunci, gashin saman goshi, saman hula, bakin fukafukai, leɓen gefe. Sannan ka duba filin da ke gaban fuskar matar. In sheƙi ya ragu a tsakiyar fili amma ya maƙale a kewayen taurari da haruffa, inda yatsa ba ya kaiwa, to kuɗin nan ya zaga. Kamar bulo ne. Wanda ba a danna shi sosai a cikin ma'auni ba daban, wanda ruwan damina ya zaizaye daban, kuma magini ba ya ruɗewa.

Ni dai na ruɗe sau ɗaya, kuma na biya kuɗin makaranta. Wani mai sayarwa a intanet ya sa wata dalar 1896-O ba a cikin kwanso ba, ya rubuta cewa sabuwa ce fil, raunin bugu ne kawai irin na New Orleans. Hotunan an ɗauke su da haske mai ƙarfi kai tsaye, komai ya yi fari tas. Na san wannan shekara ta yi suna wajen raunin bugu, saboda haka maganarsa ta zauna mini, araha kuma ta rufe mini ido. Da ta iso na kai ta ƙarƙashin fitila, kafin in gama juyi ɗaya gabana ya faɗi. Kuncin ya yi toka, filin gaban hanci ya mutu. Raunin bugun gaskiya ne, yana nan, amma a kansa akwai suɗewa. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutane: kuɗi ɗaya na iya ɗauke da duka biyun, mai sayarwa ya ambaci ɗaya ya yi shiru da ɗayan.

Yanzu maganar maki. Ma'aunin da ake amfani da shi daga 1 zuwa 70 William Sheldon ne ya fito da shi a 1949, asali don manyan kwabban Amurka na farko, daga baya aka shimfiɗa shi a kan komai. Daga 60 zuwa 70, masu MS a gaba, su ne waɗanda babu suɗewa a jikinsu ko kaɗan. Ƙasa da su akwai AU, wato 50, 53, 55 da 58, waɗanda suka ɗan taɓa hannu. Kamfanoni biyu ne suka mamaye harkar: PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Abu huɗu suke dubawa: tabo da ƙwarzanen da ke jiki, sheƙi, bugu, da kyan gani gaba ɗaya. A rubuce, dukansu suna yarda da bugu mai rauni a 60 da 61, mai ɗan rauni ko matsakaici a 63, matsakaici ko sama a 64, daga 65 zuwa sama kuma suna son bugu mai kyau.

A aikace, tabo ne ke jan ragamar maki, sheƙi na biye, bugu na can baya. Kuma masu tantancewa sun san halin kowace shekara. Raunin da za su ɗaga wa ƙafa a jikin 1892-O, ba za su ɗaga wa a jikin 1881-S ba. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce, lambar da ke kan kwanso tana gaya maka yadda kuɗin ya tsira bayan an buga shi, amma kaɗan take faɗa game da yadda aka buga shi. Shi ya sa dalolina biyu suka zo da 64 ɗaya alhali ko yaro zai nuna wadda ta fi kyau.

Zaɓi na farko da yakan zo gaban mutum shi ne tsakanin MS-61 ko MS-62 mai raunin bugu da AU-58 mai cikakken zane. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Yawancin MS-60 zuwa 62 na Morgan ba su da daɗin kallo. Sun kwashe shekaru suna gogayya da 'yan'uwansu 999 a buhu ɗaya, ana jefa buhun daga wannan lungu zuwa wancan, fuska duk tabo. Ka haɗa wannan da shafaffen kunne, ka ga abin da ya rage. AU-58 na kirki kuwa sau da yawa kuɗi ne da zai kai 63 ko 64 in ba don ɗan shafa a kunci ba: fili tsaf, zane a fito, sheƙi kusan cikakke. In don ka riƙa ɗaukowa kana kallo kake saye, ɗauki 58 ɗin, ka riƙe canjinka. In kuma tunaninka na kan ranar sayarwa, ka sani harafin MS yana da masu nemansa ido rufe, musamman masu haɗa jeri da suka yi wa kansu alkawarin ba za su sa AU a ciki ba. Wannan ciniki ne na gaskiya, sai dai ba shi ne ke sa kuɗin ya yi kyau ba.

Inda wannan layi tsakanin 58 da 60 ya zama rami mai zurfi shi ne a shekaru irin su 1884-S, 1896-O da 1901 ta Filadelfiya. An buga su da yawa, 1896-O kaɗai miliyan 4.9, amma kusan duk sun shiga kasuwa ko tukunyar narkarwa, sababbi kaɗan suka rage. Wadda ta zaga ana samunta da sauƙi, sabuwa kuwa farashinta ninki ne a kan ninki, kuma kowane maki ɗaya da aka hau sai ya sake tsalle. A irin waɗannan shekaru kalmar "raunin bugu ne kawai" tana da tsada sosai, domin ita ce ke ɗaga kuɗi daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai. Kada ka sayi ko ɗaya daga cikinsu a matsayin sabuwa sai a cikin kwanson ɗaya daga manyan kamfanonin nan. Ni da na karya wannan doka kun ji yadda muka ƙare.

Zaɓi na biyu: maki ɗaya, kwanso iri ɗaya, ɗaya bugu ya kama, ɗaya bai kama ba. Amsar tana ga shekara da harafi. Dalolin San Faransisko na 1879 zuwa 1882 sun yi suna wajen kyan bugu da sheƙi. An buga 1881-S miliyan 12.76, kuma masu kyau a cikinta sun yi yawa har ita ce ake ba sabon shiga shawarar ya fara da ita. A nan babu dalilin karɓar mai rauni ko da an rage maka, domin gobe za ka ga goma da suka fi ta a farashi ɗaya, kuma ranar da za ka sayar, mai saye ma ya san haka. Amma 1890-O, 1891-O, 1892-O, 1897-O, 1902-O da ire-irensu, shafaffen ƙirji shi ne halinsu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ka ce sai mai cikakken gashin ƙirji za ka saya, kana iya shekara kana jira, kuma in ta fito dillalin da ya san aikinsa ba zai ba ka a farashin littafi ba.

Sai dai a nan ne mai haƙuri ke cin riba. Kwanson Morgan ba shi da wata alama ta musamman don cikakken bugu. Abin da ake ƙara mata shi ne PL ko DMPL, kuma waɗannan na magana ne kan fili mai ƙyalli kamar madubi. Saboda haka 1892-O mai matsakaicin bugu da wadda ta shafe sumul duk layi ɗaya suke a jadawalin farashi. Wanda ya zauna ya duba hotunan tsofaffin gwanjo, waɗanda gidaje irin su Heritage da Stack's Bowers ke ajiyewa a shafukansu, ya kalli talatin ko hamsin na shekara ɗaya, zai gane mene ne "daidai" ga wannan shekarar. Daga nan in ya ga wadda ta ɗara sa'o'inta a farashin gama-gari, ya ɗauke. Ba cikakke kake nema ba, wadda ta fi 'yan gidansu kake nema.

Zaɓi na uku ya fita daga Morgan zuwa kuɗaɗen da kamfanoni ke rubuta cikar bugunsu ƙarara a kan kwanso. A sulen Mercury mai santi 10, na 1916 zuwa 1945, ana sa FB in ɗaurin tsakiya na damin sandunan da ke baya ya rabu biyu sarai. A kwatar dala mai matar da ke tsaye, ta 1916 zuwa 1930, FH na nufin kanta ya fito cikakke, da ganyayyaki uku da ramin kunne. A rabin dalar Franklin ta 1948 zuwa 1963, FBL na nufin layukan ƙasan ƙararrawa ba su yanke ba. A santi 5 na Jefferson kuma matakalar ginin da ke baya ake ƙirgawa, biyar ko shida. Haruffa biyu ko uku ne, amma suna iya juya farashi gaba ɗaya. Sulen 1945 na Filadelfiya an buga shi sama da miliyan 159, sabo fil ba ya wuce 'yan gomman daloli, amma mai FB dubbai ake magana, domin a wannan shekara da wuya bugun tsakiyar ya kama. Haka labarin yake ga 1953-S ta Franklin da 1926-D ta kwatar dala.

Shin ya cancanci a biya? Ni ina taka-tsantsan da shi, saboda dalilai da na gani da idona. Alamar wuri ɗaya kawai take dubawa. Za ka ga kwatar dala mai FH amma ƙusoshin garkuwar da matar ke riƙe da ita sun ɓace, ko sule mai FB da haruffan gefe a dushe. Sannan tabo ɗaya da ya gitta kan layin yana soke alamar ko da bugun ya cika, wato za ka iya samun kuɗi mai cikakken bugu a farashin mara alama. Kamfanonin ma ba su daidaita ba: a ƙararrawar Franklin, PCGS jerin layukan ƙasa take dubawa, NGC kuwa tana son na sama da na ƙasa duka. A shekarun da cikakken bugu ya zama ruwan dare kuma ƙarin kuɗin kaɗan ne, ɗauki mai alama, zai fi saurin fita ranar sayarwa. A shekarun da ƙarin ya kai ninki hamsin ko ɗari, kana sayen wani siririn layi ne da sai da gilashi ake ganinsa, kuma masu sayensa 'yan tsiraru ne da ke gasar jeri mafi maki. In ba cikin wannan gasar kake ba, nemi wanda ya kusa cika, ka sayi wasu kuɗaɗe biyar da ragowar.

Abin dariya, akwai inda aibin gidan bugu shi ne kadarar. A 1922 Denver kaɗai ta buga santi ɗaya na Lincoln, amma wani hatimi da aka goge fiye da kima ya rasa harafin D, sai kuɗin ya fito kamar na Filadelfiya. Wanda ake nema shi ne mara D gaba ɗaya mai ƙaƙƙarfan zane a baya. Masu dusasshen D kuwa darajarsu ba ta kusa da tasa. Haka santi 5 mai bauna na 1937-D, wanda gugar hatimi ta cire wa baunar ƙafa ɗaya ta gaba. Waɗannan ba raunin bugu na yau da kullum ba ne, nau'o'i ne sanannu da aka yi wa rajista, kuma saboda tsadarsu ana yawan ƙirƙirarsu da zarto. Kada wani ya nuna maka shafaffen kuɗi ya ce "kuskuren inji ne, ya fi tsada". Raunin bugu na gama-gari ba ya ƙara ko sisi.

Dalar Peace ta 1921, wadda ta gaji ta Morgan, ita ce misalin da nake ba wanda ya ɗauki rauni a matsayin laifi a ko'ina. Anthony de Francisci ya zana ta da tudu sosai, aka buga miliyan ɗaya da 'yan kai a kwanakin ƙarshe na Disamba, hatimai suna ta lalacewa, gashin tsakiyar kai ya ƙi cika. A 1922 dole aka rage tudun zanen. Kusan duk wadda za ka gani tana da shafaffen gashi kusa da kunne, kuma duk da haka ta fi na shekarun da suka biyo baya kyau nesa ba kusa ba. A irinta, ka duba sheƙi da tsabtar kunci, ka bar kunne ya huta.

Ga mai saye daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi akwai ƙarin lissafi. Ba za ka riƙe kuɗin a hannu ka juya shi a fitila kafin ka biya ba, mayar da kaya kuma wahala ce da tsada, ga canjin dala. Hoto ɗaya a tsaye ba ya nuna yankewar sheƙi, saboda haka ka nemi ɗan bidiyo ana juya kuɗin ƙarƙashin fitila ɗaya. Wanda ya ƙi, ka wuce. Jabu ma sun cika kasuwar intanet, kuma da yawansu kamar masu raunin bugu suke, sai dai laushin nasu ko'ina ne, har haruffa da zara-zaran gefe, ba tsakiya kaɗai ba. Sikeli mai auna giram da maganaɗisu suna kama na banza-banza, amma ba sa kama na ƙwararru. Har kwanson ake yin na jabu, don haka ka shigar da lambar da ke jikinsa a shafin kamfanin, in akwai hoto ka gwada tabo da tabo. Kuma in ka gaji wata tsohuwar dala ko sule a gida, don Allah kada ka kai mata toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe. Kamfani zai rubuta an wanke ta, ya hana ta maki, kuma wannan hasarar ta fi ta kowane raunin bugu.

Game da aika naka a tantance, yi lissafi tukuna. Kuɗin aiki da na aikawa da inshora zuwa da dawowa na iya haura darajar dalar gama-gari irin 1884-O ko 1885-O. Waɗannan an buga kowace sama da miliyan 9, kuma buhunan irinsu sun fito da yawa lokacin da Baitulmali ya buɗe ɗakunan ajiyarsa daga 1962 zuwa 1964. A wannan fitowar ce 1903-O, wadda ake yi wa kuɗi kusan dala 1,500, ta faɗo zuwa 'yan gomma cikin ƙanƙanin lokaci. Tantancewa tana biyan kanta ne a shekarun da maki ɗaya ke sauya farashi sosai. Akwai kuma koren tambarin CAC, kamfanin da John Albanese ya kafa a 2007, wanda ake liƙawa a kan kwanson da kuɗin cikinsa ya cika makinsa da kyau. Yana taimakawa, amma shi ma ba shaidar cikakken bugu ba ne.

Abokin nan nawa ya dawo bayan mako biyu yana son ya sayi ɗaya daga cikin dalolin biyu, ya ce in zaɓa masa. Na tura masa 1881-S, domin ita ce ta farkonsa, kuma yana buƙatar ya san yadda zanen Morgan yake in ya cika kafin ya fara yi wa wasu uzuri. Irinta kuma ko yaushe na so zan samu wata. Ta 1902-O na mayar da ita akwati. Kafin in same ta na duba sama da ashirin na shekararta, kuma duk da ƙirjin nan mai kama da ƙwai, ita kaɗai ce kuncinta ba tabo, hasken kuma yana zagaya ta bai yanke ko'ina ba.